Yadda ake sauya kamfanin layi ba tare da an rasa lamba ba

Tun 2013 hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta ba da damar mutum ya ɗauke lambarsa daga wannan kamfani ya kai ta wancan, kuma kyauta ne. Amma har gobe a Zariya za ka ga wanda ya jefar da layin da banki da dangi suka san shi da shi don sabis ya ishe shi. Wasu kuwa sun sauya ɗin, sai suka tarar gara inda suka baro.

Fara da gwaji, don a nan mutane ke faɗuwa. Abokinka na Samaru ya ce layi kaza kamar walƙiya yake, ka yarda, alhali kai a cikin Birni kake kwana, a ɗaki mai kaurin bango. Sabis ɗin Samaru daban, na Ƙofar Gayan daban, kai ko zaure da ƙuryar ɗaki a gida ɗaya ba sa zama daidai. Saboda haka ka ari wayar maƙwabci mai layin da kake so, ka shiga da ita ɗakinka, ka zauna daidai inda ka saba zama. Kada ka tsaya kallon sandunan sabis, sukan cika fal amma shafi ya ƙi buɗewa. Kira wani ku yi minti biyu, ka kunna bidiyo, ka tura hoto ta WhatsApp. Ka yi haka bayan isha'i, lokacin da kowa ya hau intanet, domin gwajin hantsi yaudara ce. In kana kasuwa a Sabon Gari ko karatu a Kongo, can ma a gwada. Ni a wurina wanda bai yi mako guda yana wannan ba bai shirya sauyawa ba.

Sai kuɗi. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025 kowa ke lissafi. Danna *312# a layukan biyu, ka duba nawa giga ɗaya ya kama da kwana nawa zai yi. A kula da datar da aka ce mai yawa ce, ashe wani kaso na tsakar dare ne. In ba ka raba dare kana saukar da fim, wannan ba taka ba ce. Garaɓasar sabon shiga ma ƙarewa take.

Kafin ka fita, cinye katinka da datarka, ba sa bin ka sabon gida. In ka ranci kati ka biya. Lambobin da ke kan sim ka mayar da su waya, don sabon sim za a ba ka. Ka kuma tabbata layin da sunanka aka yi rajista, yana haɗe da NIN ɗinka. Wanda yayansa ya yi masa rajista shekarun baya, ya fara gyara wannan tukuna, in ba haka ba kuɗin Keke kawai zai ɓata.

Ofishin kamfanin da za ka koma za ka je, da wayarka da takardar NIN. Ni ban yarda da masu lema a bakin titi a wannan aikin ba. Za ka cike fom, ka tura PORT zuwa 3232 daga tsohon layin, a ba ka sim. Yawanci ba ya wuce awa 48. Da tsohon ya ɗauke, ka sa sabon, ka tura wa kanka naira ɗari ta banki don ka ga alat na shigowa. Sai ka yi kwana 45 kafin a bari ka sake sauyawa. In abu ya maƙale, kira 300, in ba su warware ba ka kai ƙara NCC ta 622.