Yadda ake shimfiɗa silikon oksaid mai ƙwayoyin kiristal a kan ƙwayar sola

Wannan shimfiɗa gauraye ce ta abu biyu: siraran zaren kiristal na silikon da ke tsaye, da silikon oksaid marar tsari da ya kewaye su. Oksaid ɗin ne ke barin haske ya shiga, zaren kuma su ne hanyar lantarki. Aikin duka shi ne kada ɗaya ya cinye ɗaya.

A fara tsoma faifan silikon cikin ruwan HF (asid da ke cire oksaid daga saman faifan) mai ƙarfin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na kusan minti ɗaya, a busar, a sa shi cikin injin PECVD (mai yin shimfiɗa daga gas ta amfani da filasma, wato gas da lantarki ya zuga) nan take, domin iska na sake yi masa oksaid. Bayan an shimfiɗa silikon marar tsari na 'yan nanomita (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), sai a zo kan oksaid.

Zafin faifai ya tsaya kusan digiri 180 zuwa 200 na Salshiyas. In ya zarce sosai, haidirojin da ke shimfiɗar silikon marar tsari ta ƙasa zai tsere, boltej ya faɗi. A kunna filasma a kan 13.56 MHz, a saki silen (gas mai ɗauke da silikon), CO2 (mai kawo oksijin) da haidirojin, da gas ɗin fosfin in nau'in n ake so, wato silikon mai yalwar ilektiron. Haidirojin ya ninka silen sau ɗari ko fiye, in ba haka ba kiristal ba zai tsiro ba. Silen na kamawa da wuta da ya haɗu da iska, fosfin kuma guba ne, don haka a duba yoyo kafin a buɗe komai.

CO2 ne wurin taka-tsantsan. Kowane ƙari na sa shimfiɗar ta ƙara barin haske ya wuce, amma zaren na tsinkewa, lantarki ya rasa hanya. A riƙa ƙara shi kaɗan-kaɗan ana aunawa.

Babbar matsala ita ce nanomitocin farko sukan fito babu kiristal, alhali duk kaurin bai fi nanomita 10 zuwa 20 ba. Maganinta a fara da siririyar shimfiɗar iri (wadda kiristal zai tsiro a kai) ba tare da CO2 ba, sannan a saki CO2 ɗin.

A gwajin Raman (gwajin hasken leza da ke nuna tsarin abu), tudu a 520 cm⁻¹ alamar kiristal ne, mai faɗi a 480 kuwa na marar tsari. Kada a yanke hukunci da awon lantarki na kwance a kan gilashi: zaren a tsaye suke, awon zai nuna ƙasa da abin da ƙwayar ke samu.