Darasi na Bakwai: Yadda Ake Kai Ƙara Babbar Kotun Tarayya

Shari'a iri biyu ce. Akwai ta laifi, inda hukuma ke gurfanar da mutum don ana zarginsa da sata, kisa ko safarar ƙwaya. Akwai kuma ta neman haƙƙi, wadda alƙalai kan kira madaniyya, inda wani ke cewa an cuce shi, yana son a biya shi, ko a mayar masa da kayansa, ko a hana wani yin wani abu. Darasinmu na yau a kan ta biyun ne, a kotu guda, wato Babbar Kotun Tarayya.

An kafa wannan kotu a 1973 don shari'o'in kuɗin shiga na gwamnatin tarayya. Kundin tsarin mulki na 1979 ne ya ba ta sunan da take amsawa yanzu. Hedkwatarta na Abuja, tana da rassa a jihohi, irin su Kano, Kaduna, Katsina da Sakkwato. Alƙali ɗaya ne ke zama a kan kowace shari'a.

Hurumi

Ku riƙe wannan kalma, don ita ce gindin darasin. Hurumi shi ne ikon da doka ta ba kotu na sauraron wata irin magana. Kafin alƙali ya tambayi wa ke da gaskiya, sai ya fara tambayar kansa: wannan maganar tawa ce? In ba tasa ba ce, ko shekara goma aka yi ana zarya, ko shaidu ɗari aka kawo, aikin banza ne. Kotun Ƙoli ta daɗe da yanke wannan, tun a shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962, kuma har yau lauyoyi na kafa hujja da ita.

Sashe na 251 na kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa abin da ke hurumin wannan kotu. A ciki akwai harajin kamfanoni, kwastam, harkar jiragen ruwa da na sama, fasfo da zama ɗan ƙasa, ma'adinai da man fetur, tafiyar da kamfani mai rajista, satar fasaha da satar tambarin kaya, da ƙarar da ke ƙalubalantar wani mataki da gwamnatin tarayya ko hukumominta suka ɗauka.

Wasu kan ɗauka tunda an ce "ta tarayya", ai ta fi ƙarfi, bari su kai maganarsu can. Ba haka ba ne. Matsayinta ɗaya da babbar kotun jiha, aikin ne kawai aka raba. Rikicin fili mai takardar mallaka ta gwamna, babbar kotun jiha ake kai shi. Aure, saki da rabon gadon Musulmi, kotun shari'ar Musulunci. Korar ma'aikaci da riƙe masa albashi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Bashin da ke tsakaninka da abokin cinikinka a Kantin Kwari ba ya zuwa nan ko kusa. Hatta saɓani tsakanin mutum da bankinsa a kan kuɗin ajiyarsa, ana iya kai shi babbar kotun jiha. Sauƙin da ke akwai shi ne, doka ta ba alƙalin tarayya damar tura ƙarar da ta ɓata hanya zuwa kotun jiha maimakon ya kore ta. Amma watannin da aka ɓata da kuɗin mota, wa zai mayar maka?

Wa'adi

A ce ɗan kasuwa ya taso da dilolin atamfa, jami'an wata hukumar tarayya suka riƙe su a hanya, shi kuwa yana da takardun biyan haraji. Sai ya shiga bin manya, yau a ce ya dawo jibi, jibi a ce oga ya yi tafiya. Yana cikin wannan bin ƙafa, lokaci na tafiya. Akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ce wanda zai yi ƙarar jami'i ko hukuma a kan abin da suka yi a bakin aiki, ya yi cikin wata 3. Tana da togaciya, kamar maganar karya yarjejeniyar kwangila ko cutarwar da ke ci gaba, amma kada ka dogara da togaciya. Wasu hukumomin kuma dokar da ta kafa su ta ce sai an rubuta musu takardar sanarwa, galibi wata guda kafin a shigar da ƙara. Ka ga wata 3 ba yawa gare shi ba. Neman sulhu abu ne mai kyau, sai dai ka nemi shawarar lauya tun makon farko, kana sulhun yana lissafa maka kwanaki.

Takardu

A kotun alƙali ta gargajiya mutum kan tsaya ya faɗi da'awarsa da baki. A nan komai a rubuce ne, kuma da Turanci. Ƙa'idojin kotun na 2019 sun ce mai ƙara ya kawo kayansa tun ranar farko: takardar sammaci, bayanin da'awa, sunayen shaidu, bayanin kowane shaida da ya yi rantsuwa a kansa, da kwafin duk takardar da zai kafa hujja da ita. Ana kai su ofishin rajista, a ƙiyasta kuɗi, a biya, a ba ƙarar lamba. Rubuta lambar nan ka adana tare da rasit, don da ita ake neman fayil, ba da sunanka ba.

Ga wani abu da ya shafi 'yan ajinmu kai tsaye. In ba ka jin Turanci ko karatunka bai yi ƙarfi ba tukuna, kada ka dangwala yatsa a takardar rantsuwa sai an karanta maka ita an fassara. Dokar shaida ta 2011 ta ce a rubuta a jikin takardar cewa an yi hakan kuma ka fahimta. Ba abin kunya ba ne ka ce a maimaita. Duk abin da ke ciki, kai za a tsare da shi ranar da ka shiga akwatin shaida.

Sammaci

Ba a yi wa mutum aski a bayansa. Dole masinjan kotu ya kai wa wanda ake ƙara takardun, hannu da hannu in mutum ne, a ofishinsa in kamfani ne. In yana ɓuya, lauya kan roƙi alƙali ya yarda a liƙa a ƙofar gidansa ko a buga a jarida. Hukuncin da aka yi ba tare da an kai sammaci ba, rushe shi ake yi.

In kuwa kai aka kawo wa, karɓi abinka. Ƙin karɓa ba ya kashe ƙara. Kana da kwana 30 ka sanar da kotu cewa ka shigo, ka kuma kawo kariyarka a rubuce. Wanda ya jefa sammaci ƙarƙashin katifa, ana iya yanke hukunci a kansa ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Zama da hukunci

Ranar sauraro, shaida zai tabbatar da bayanin da ya rubuta, sannan lauyan ɗaya ɓangaren ya yi masa tambayoyin ƙwaƙƙwafi. Mai buƙatar tafinta ya faɗa tun da wuri. Nauyin kawo hujja yana kan mai da'awa, kamar yadda muka sani a fiƙihu. Sai dai ba a neman ya kawar da duk wani kokwanto kamar a shari'ar laifi, ya isa hujjarsa ta rinjayi ta abokin shari'arsa. Ɗage zama kuwa, sai haƙuri, yana da yawa.

Bayan lauyoyi sun gama jawabin ƙarshe, tsarin mulki ya ba alƙali kwana 90 ya yanke hukunci. Wanda bai gamsu ba yana da wata 3 ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara, amma in ƙaramin hukunci ne na tsakiyar shari'a, kwana 14 ne kacal. Daga can sai Kotun Ƙoli. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya gwada ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke jiharsa, wadda aka kafa don marasa ƙarfi.

Aikin aji

Ku rabu biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai ƙara, ɗaya ma'aikacin rajista. Mai ƙara ya kawo ɗaya daga cikin waɗannan: an hana shi fasfo, ɗan'uwansa ya cinye gonar gado, wani kamfani na buga tambarin sabulunsa a kan jabun kaya. Ma'aikacin ya faɗi kotun da ta dace da dalilinsa. Daga nan kowa ya rubuta a littafinsa: in an riƙe kayan ɗan kasuwar nan ranar 10 ga Janairu, a wane wata ne wa'adinsa zai cika?