Yadda ake haɗa supa da supa a gem ɗin faɗa na uku-uku

Duk wanda ke zama a gidan gem a Jos, ko ta Bauchi Road ko Anguwan Rogo ko can Bukuru, ya san ƙwallo ce ta cinye mu, sai Mortal Kombat in an gaji. Amma akwai 'yan tsiraru da suka koma gem ɗin faɗa na mutum uku-uku irin su Marvel vs. Capcom da Dragon Ball FighterZ, kuma wlh abin da ke ci min rai shi ne ka ga yaro ya iya kwambo (jerin duka ba yankewa) tsaf, mitarsa ta tara ƙarfi a cike, ya saki supa ɗaya (babban duka na musamman da ke cin mita) ya tsaya yana kallo, abokin karawa ya miƙe da ɗan guntun jini ya juyo ya cinye wasan, alhali yaron yana da sauran 'yan tim ɗinsa mutum biyu a baya suna zaman jira.

Abin da ya kamata ya yi shi ne tun supar farko ba ta ƙare ba ya kira na biyu ya shigo da tasa, in da hali na uku ma ya ɗora. 'Yan Marvel suna ce masa DHC (Delayed Hyper Combo), a FighterZ sunansa Ultimate Z Change. Marvel vs. Capcom 2 na shekarar 2000, mai 'yan wasa 56, shi ya fito da wannan salon, kuma Capcom ta sake fitar da shi a 2024 cikin tarin tsofaffin gem ɗinta a PS4 da Switch da kwamfuta, don haka samunsa ba wuya.

Mataki na farko, duba mita, da sanda-sanda ake ƙirga ta. Kowa da kuɗin suparsa, ba a cin bashi. Ƙaramar supa sanda ɗaya, babba sanda uku, mitar Marvel tana tsayawa a sanda 5, ta FighterZ a 7. In sanda ɗaya gare ka ko ka karya pad ba mai shigowa.

Na biyu, jera tim ɗinka tun wajen zaɓe. A Marvel wanda ke bin na gaba a layi shi zai shigo, ba kai za ka zaɓa a tsakiyar faɗa ba, saboda haka kafin ka danna fara wasa ka tambayi kanka: supar na ɗaya ina take barin mutum, a sama ko a ƙasa, kusa ko nesa, kuma supar na biyu tana kaiwa wurin? Yawancin mutanenmu zaɓe suke don suna, wai Hulk ƙato ne, Wolverine ɗan fim ne, sai a tara mutum uku da ba ruwan wani da wani. Dubi dalilin da ya sa Storm ta zama sarauniya a Marvel 2: Hail Storm ɗinta ƙanƙara take zubowa ta cika allon gaba ɗaya, duk inda Magneto ya bar mutum bayan Magnetic Tempest za ta same shi. Shi ya sa tim ɗin Magneto da Storm da Psylocke, da na Storm da Sentinel da Captain Commando, suka daɗe suna mulki a EVO, babbar gasar gem ɗin faɗa a Amurka.

Na uku, dannawar kanta, wannan ba wani abu ba ne. A Marvel, supa tana tafiya sai ka yi juyin supar na biyu kamar shi ne a fili, yawanci ƙasa, ƙasa-gaba, gaba, da madannin duka guda biyu tare. A FighterZ ya fi sauƙi ma, Goku yana cikin Super Kamehameha ka danna madannin kiran aboki, L1 ko L2 in ba a canza tsarin pad ba, sai Vegeta ya faɗo da Big Bang Attack. A nan kai ke zaɓar wanda zai shigo.

Na huɗu shi ne lokaci, kuma a nan ne duk wahalar take, ɗan'uwa. In ka yi gaggawa ka yanke supar farko tun tana duka biyu uku, ka biya sanda guda ka ci rabin amfaninta. In ka yi nawa har ta kammala, gem ɗin ba zai karɓa ba, ko kuma dukan ƙarshe ya wurga mutum can nesa supa ta biyu ta daki iska, sanda biyu sun tafi a banza kuma ga ka tsaye a buɗe ana shirin rama maka. Kamar wan-tu ne a ƙwallo, ba ƙarfin bugu ba ne, sanin inda abokinka zai kasance ne lokacin da ƙwallon ta iso. To yadda nake koya wa ƙannena shi ne, ka saki supar farko ita kaɗai ka kalli lambar duka da ke hawa a gefen allo, ka riƙe inda take tsayawa, sannan ka riƙa yankewa saura duka ɗaya ko biyu. Ka kuma kalli jikin wanda ake duka ba walƙiyar ba. Misali a Ultimate Marvel vs. Capcom 3, Sphere Flame na Doctor Doom sama yake ɗaga mutum, in ka kawo Dormammu da Chaotic Flame nan take, wutarsa miƙe take tafiya gaba, za ta iya wucewa ta ƙarƙashi. Wani haɗin sai ka jira mutum ya fara gangarowa, wani kuma ko me ka yi ba zai haɗu ba, kar ka matsa masa, canza jeri kawai.

Babbar supa mai sanda uku a ƙarshe ake ajiye ta. Dalili kuwa, duk yadda kwambo ya yi tsawo gem ɗin yana rage ƙarfin kowane duka, amma ragin bai cika taɓa babbar supa ba, ita ce mai rufe zance. Af, in kana kallon tsofaffin bidiyo a YouTube ka lura da shekara, Marvel 3 na farko da ya fito a Fabrairun 2011 yana da wata ɓaraka da ke sa ragin ya koma sifili bayan DHC, an toshe ta a Ultimate da ya fito a Nuwamban shekarar, kar ka ɓata data kana kwaikwayon abin da ba ya aiki yanzu.

Na biyar, kuma ni a wurina shi ne ya raba gwani da mai burge 'yan kallo: ka san me ya sa kake haɗawar. Dalili biyu ne kacal. Ko dai haɗin zai kashe, ka mayar da abokin karawa mutum biyu kai kana da uku, ko kuma kana son ka fitar da ɗan wasanka da ya sha duka lafiya. In ba zai kashe ba kuma ba gudu kake ba, riƙe mitarka, jinin da ka rage masa wani sashe zai dawo da zarar ya koma benci.

Maganar gudun nan mutane ba sa ba ta muhimmanci kuma tana ceton wasa sosai. Sashen jinin da ke iya dawowa, ja a Marvel, shuɗi a FighterZ, yana cikowa ne in ɗan wasa yana hutawa a baya, amma in ka yi canji haka kawai a fili wanda ya shigo yana iya faɗawa cikin kwambo kai tsaye. Sai ka saki supa ko da an tare ta, ka ɗora wadda ba ta barin ƙofar a rama maka, irin Spiral Swords na Vergil da takubba ke zagaye shi, ko Devil Trigger na Dante, ko Astral Vision na Morrigan, sabon mutum ya shigo da ƙarfinsa, mai rauni ya je ya huta. Sanda biyu ne kuɗin, kuma gaskiya ya fi rasa mutum guda arha nesa ba kusa ba. Sai dai ka duba wanda za ka shigo da shi, a Marvel in yana da jan jinin da bai gama cikowa ba, yana shigowa ya yi asararsa.

Na ƙarshe, tirenin, kuma don Allah kar ka bar mita a cike kullum a wajen tirenin don a wasan gaske ba haka za ka same ta ba. Ka gwada haɗin a jikin bango ka gwada a tsakiyar fili, ka gwada kana hagu ka koma dama saboda juyin hannu yana sauyawa, sannan ka gwada kan ƙato irin Sentinel da ƙarami irin Rocket Raccoon, akwai haɗin da ke cin ƙato amma ƙaramin yana zamewa. In a gidan gem za ka buga, ka nemi alfarmar oga ya ba ka minti biyu ka ji pad ɗin, da yawa madannan sama sun gaji, wata talabijin kuma tana jinkirta hoto, sai ka riƙa dannawa da ɗan wuri. Lokacin hunturun Jos kuwa ka murza hannu ya yi ɗumi kafin a fara, yatsa mai sanyi ba ya kama saura duka biyu.