Kurakuran da malamai ke yi wajen gyara wa ɗalibai kuskure

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin insha'in Turanci na ɗan ƙaramar sakandare ya san yadda shafin yake kasancewa. Jan biro ya bi layi-layi, an soke wannan, an zagaye wancan, an rubuta daidai a sama, can ƙasa kuma an dangwala 3/10. Malam ya raba dare yana duba littattafai tamanin. Washegari yaro ya karɓa, ya leƙa makinsa, ya leƙa na maƙwabcinsa, ya cusa littafin a jaka. Mako mai zuwa kurakuran nan dai su ne za su dawo. Malam ya sha wahala, babu musu, amma shi ya yi tunanin gaba ɗaya, yaron bai yi komai ba. Kusan duk sauran kurakuran gyara daga nan suke tasowa.

Wanda ya fi yawa shi ne ɗaukar kowane kuskure a matsayin abu guda. Tun a 1967 masanin harshe ɗan Birtaniya, Pit Corder, ya raba su gida biyu: akwai tuntuɓen harshe, wanda ɗalibi ya san daidai amma gaggawa ko gajiya ta sa ya kauce, akwai kuma kuskuren da ke nuna bai riga ya mallaki ƙa'idar ba. Gane bambancin ba shi da wuya. Ɗora yatsa a kan wurin, kada ka ce uffan. Idan ya gyara da kansa, tuntuɓe ne, a wuce. Idan ya tsaya yana kallonka, to ga darasin gobe ya samu.

Wani kuskuren ma alamar ci gaba ne. Yarinyar da ta rubuta "I goed" ko "he buyed" ba haddar wani ta kwafa ba, domin babu inda ta ji an faɗi haka. Ita ta gano cewa Turanci na liƙa "ed" don nuna abin da ya wuce, sai ta shimfiɗa ƙa'idar har inda ba ta kai ba. Abin da take buƙata a ce mata: "Ƙa'idarki daidai ce, amma akwai wasu kalmomi masu taurin kai, ga su." Idan aka zabga mata jan biro kawai, za ta zaci ƙa'idar ce ba daidai ba.

Sai kuma rashin tambayar inda kuskuren ya fito. Ga ɗan Bahaushe, da yawa daga Hausa suke fitowa, kuma suna da tsari. Yana cewa "Yesterday I go to market" saboda a Hausa aikatau ba ya sauya kama don lokaci: na tafi, ka tafi, zan tafi, ɗan abin da ke gaban aikatau ne ke ɗaukar nauyin. Yana cewa "borrow me your biro" saboda "ara" ɗaya ce ke aikin mai bayarwa da mai karɓa. Yana cewa "I am hearing smell" saboda da "ji" muke jin sauti da wari da ɗanɗano. Malamin da ya rubuta jimlar Hausa a gefe guda na allo, ta Turanci a ɗaya gefen, ya ce yara su nemo inda suka saɓa, zai gama cikin minti goma abin da jan biro ya kasa a zango guda. Wannan ne ya sa nake ganin dokar cin tarar mai yin "vernacular" asara ce ga malamin Turanci kansa. An hana shi amfani da harshen da yaran suka fi ganewa a daidai inda ya fi buƙatarsa.

Haka batun furuci. Hausa ba ta bambanta "p" da "f", ba ta da "v", ba ta da sautin "th", kuma ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muka sami burodi da sukudireba. Maimaita wa yaro "people" sau ashirin da tsawa ba zai yi magani ba, tunda kunnensa bai riga ya raba sautukan biyu ba. A nuna masa abin da baki ke yi: a "p" leɓɓa biyu ke haɗuwa su saki iska lokaci guda, a "f" haƙoran sama ke sauka kan leɓen ƙasa. Ya riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa ya ga yadda take zabura idan ya yi "p" daidai. Daga nan a shiga "pan" da "fan", "pull" da "full", ya fara da saurare kafin faɗa.

A magana ta baki, abin da malamai masu sauƙin hali suka fi yi shi ne maimaita jimlar ɗalibi a gyare su wuce. Yaro ya ce "She go to school", malam ya ce "Yes, she goes to school", darasi ya ci gaba. Roy Lyster da Leila Ranta sun bibiyi azuzuwan firamare da ake koyarwa da Faransanci a Kanada, suka wallafa sakamakon a 1997. Sun tarar fiye da rabin gyaran da malamai ke yi irin wannan ne, kuma shi ne ya fi ƙarancin sa ɗalibi ya mayar da martani ya gyara. Sau da yawa yaro yana zaton malam amincewa ya yi da amsarsa. Alarammomi sun daɗe da sanin maganin wannan: idan almajiri ya kauce a hadda, ba a karanta masa ayar nan take, ana tsayar da shi ne, ko a ja masa kalmar da ta gabata, a bar shi ya lalubo. A ajin Turanci ma haka: "She…?" sai ka yi shiru. Shirun ne ke ba malamai wuya. Mary Budd Rowe, wata mai binciken ilimi a Amurka, ta auna a shekarun 1970 ta ga malamai ba sa jira fiye da kimanin sakan ɗaya bayan tambaya, kuma idan jiran ya kai sakan uku amsoshi kan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru.

Amma ba kowane lokaci ake tsayar da mai magana ba. Idan yaro ya samu ƙarfin hali yana ba da labari da Turanci, a bar shi ya kai ƙarshe. Malam ya riƙa rubuta abin da ya ji a takarda, bayan an gama ya ɗora jimloli uku ko huɗu a allo ba tare da sunan kowa ba, aji ya gyara tare.

Batun bulala da tsallen kwaɗo da sa aji ya rera wa yaro "shame, shame" ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda aka yi wa haka ya koyi darasi ɗaya tak: kada ya sake ɗaga hannu. Kuskurensa yana nan, malam ne kawai ya daina ganinsa.

Maki ma yana da nasa lahanin. A 1988 Ruth Butler ta gwada yara 'yan firamare a Isra'ila, ta raba su uku: wasu aka ba su maki kawai, wasu sharhi kawai, wasu duka biyun. Masu sharhi kawai su ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa biyun ba su fi masu maki kawai ba, ga alama ido na sauka kan lamba ne ya manta da rubutun. Ba wai a daina ba da maki ba, makaranta na buƙatarsa, iyaye ma haka. Malam na iya ajiye shi a rajistarsa, ya mayar da littafi da sharhi, sai yaro ya yi gyara sannan ya ji makinsa. Sharhin kuma ya zama abin da za a iya aiki da shi. "Poor" da "Try harder" ba su gaya wa kowa komai ba. "Akwai aikatau huɗu a sakin layi na biyu da ba su nuna jiya ba, nemo su" aiki ne da yaro zai iya zama ya yi.

Su kansu masana ba su daidaita kan gyaran nahawu a rubutu ba. John Truscott ya ce a 1996 a daina shi kwata-kwata, Dana Ferris ta mayar masa da martani cewa yana da amfani idan an yi shi da tsari. Ni dai ina tare da ita, da sharaɗin a zaɓa. Abu ɗaya ko biyu a kowane aiki ya isa, kuma a sanar da yara tun kafin su fara: wannan makon lokutan aikatau za a duba. Masu tsoron WAEC su tuna cewa a makin insha'i 50, daidaiton rubutu da nahawu 10 ne, sauran 40 na ƙumshiya ne da tsari da iya bayani. Yaron da tsoron kuskure ya sa ya rubuta layi shida ya riga ya zubar da babban kason.

Akwai kuma abin da muke kira "corrections", inda malam ke rubuta amsoshi a allo, yara su kwafa, a sa musu alamar daidai. Wannan kwafi ne. Madadinsa, a ja layi ƙarƙashin wurin, a sa 'yar alama a gefe da aka yi yarjejeniya a kanta, misali T ga lokacin aikatau, Sp ga rubutun kalma, yaro ya nemo gyaran shi da abokin zamansa. A aji mai cunkoso ba sai an bi kowane littafi haka ba. Duba goma sha biyar da kyau zai nuna kurakurai biyar da suka fi yawo a ajin, a gina darasi a kansu. Kowane ɗalibi ya ware shafukan ƙarshe na littafinsa, ya raba gida uku: abin da na rubuta, daidai, dalili. Bayan mako biyu a kawo gajeren gwaji na minti biyar a kan waɗannan kurakuran dai, da sababbin jimloli. Wanda ya sake faɗawa, a koya masa ta wata hanya dabam da ta farko.