Yadda Za Ka Rubuta Mutumin da Kuɗi Suka Sauya

Matasa kan kawo mini rubutunsu nan gida a Tudun Wada in duba musu, kuma duk labarin da ke ɗauke da mai arzikin dare ɗaya, ciwonsa guda ne. A babi na biyu mutumin kirki ne, a na uku kuɗi sun zo, sai ga shi ya koma Fir'auna. Ni dai ban taɓa ganin ɗan Adam ya lalace haka ba.

Shuka irin tun yana talaka. A ce tela ne a kasuwar Sabon Gari. Nuna shi yana tura ragowar shaddar wanda ya kawo ɗinki ƙarƙashin keke, yana ce wa ransa ai ba za a nema ba. Layi biyu sun isa, ka wuce. Kwaɗayin na nan kwance, dama ce bai samu ba.

Kuɗin kuma su zo ta hanyar da muka sani, misali gonar gado a hanyar Samaru da gari ya cim mata, aka yanka filaye.

Daga nan sai haƙuri, don a ƙananan abubuwa hali ke zubewa. Da yakan durƙusa ya gai da kawunsa a Ƙofar Doka. Yanzu gilashin mota yake saukewa, inji na kunne, ya ce, "Kawu, an wuni lafiya?" Kawu ya amsa, "Lafiya lau, Alhaji," shi da ya goya shi yana ƙarami. Kada ka yi wa wannan "Alhaji" sharhi, mai karatu zai ji zafinta da kansa. Haka kwanon tuwon da ake fitarwa zaure don ciyayya: ya fara makara, daga baya a daina ganinsa.

Wurin da na fi so ka daɗe shi ne ranar zakka. Lokacin da abin hannunsa bai kai nisabi ba, kullum cewa yake in Allah Ya hore masa ba maƙwabcin da zai kwana da yunwa. Yau shekara ta zagayo kan naira miliyan 40, ɗaya bisa arba'in kuwa miliyan 1 ke nan. Zaunar da shi da biro, ya lissafa, ya sake lissafawa, ya fara tuno basussukan da zai cire.

Saurari bakinsa ma. "Allah Ya ba ni" takan koma "na sha wahala na nema". Abin da Ƙaruna ya faɗa ke nan a Suratul Ƙasas, aya ta 78, cewa saboda ilmin da ke gare shi aka ba shi.

Ka kuma yi masa adalci. Dangi sun dame shi da bani-bani, abokai sun cuce shi, yana tsoron komawa kan keke. Ni har ga Allah irin wannan mutum tausayi yake ba ni, kuma in marubuci bai tausaya masa ba, gunki zai sassaƙa.

Wajen rufewa, bar gobara da haɗarin mota a hanyar Kaduna, an gaji da su. Bar masa dukiyarsa cif. Kai shi sunan jikansa, ga rumfa ga kujeru ga shinkafa, ya riƙa leƙa ƙofa yana jiran tsoffin abokansa na layin teloli, har a shafa fatiha.