Darasi na 9: Kama Layin Asibiti ta Waya

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti a Katsina ya san wahalar layi. Kana idar da sallar asuba ka fito, ka tarar wasu sun riga ka ajiye kati. To in aka ce maka ga hanyar kama layi ta waya kana kwance a ɗakinka, ai ba za ka ƙi ba.

Hanyar kuwa akwai ta. A Amurka wasu asibitoci suna barin mutum ya shiga shafinsu na intanet, ya zaɓi lokacin da zai zo sashen gaggawa, wanda muke kira imajansi, ya zauna gida har lokacin ya yi. A Ingila kuma, tun ƙarshen 2020, mutum kan kira lamba 111, a yi masa tambayoyi, in an ga ya dace a ba shi lokacin zuwa. Yaranmu masu manyan wayoyi suna ganin irin wannan, suna cewa ina ma a kawo mana. Kafin ya iso, ya kamata mu san inda gizo yake saƙa.

A ɗauka wani dattijo ne a Ƙofar Ƙaura. Bayan la'asar ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, gumi yana keto masa, hannun hagu ya yi nauyi. Ya ce, "Olsar nan ce ta motsa." Ɗansa ya duba waya ya ce, "Baba, ga gurbi ƙarfe 8 na dare, bari in kama maka, ka huta da zaman benci." Ɗan nan bai yi don mugunta ba. Amma shi da mahaifinsa sun yanke hukuncin da ba nasu ba, wato cewa ciwon zai iya jiran awa huɗu. Waɗannan alamomin na bugun zuciya ne, kuma kowane minti naman zuciya yana ƙara mutuwa. Mata da masu ciwon sukari ma wani lokaci ciwon ƙirjin ba ya tsananta musu, sai kasala da tashin zuciya da haki.

A imajansi ba a bin wanda ya riga zuwa. Nas ce take duba hawan jini, bugun jijiya, zafin jiki da numfashi, ta kalli idon mutum, sannan ta san wa za a fara shigarwa. Shi ya sa za ka ga an wuce da wanda ya zo bayanka, kada ka ce an yi son kai. Waya ba ta da hannun taɓa goshi. Su kansu shafukan na Amurka suna rubuta gargaɗi cewa mai ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kada ya jira, sai dai wanda hankalinsa ya tashi ba ya tsayawa karanta ƙananan rubutu.

Haka abin yake ga shanyewar ɓarin jiki. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, a duba agogo a riƙe lokacin. Allurar da take narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwon ake yin ta, kuma sai an ɗauki hoton kai tukuna. Mai ciki da ta ga jini ko ta fara jijjiga, yaro mai zazzaɓi da ya sandare, wanda maciji ya sara a gona: a tare Keke Napep ko motar maƙwabci, ko a kira 112, a nufi Babban Asibiti ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, mai cikin kuma Asibitin Turai na mata da yara in shi ne kusa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mara lafiyar da yake cikin halin gaggawa.

Kama lokaci ta waya yana da wurinsa: awon ciki, ganin likitan ido ko na haƙori, komawa karɓar maganin hawan jini. Ko a nan ɗin, shafin da ya nemi lambar BVN ko lambar sirrin katin banki kafin ya ba ka gurbi, rufe shi, 'yan damfara ne.

Aikin aji

Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ka rubuta kowace sau uku: gaggawa, ƙirji, numfashi, jijjiga, gurbi.

Da kai ne a ɗakin, me za ka ce wa ɗan dattijon? Rubuta amsarka a jimla biyu.

A bangon ƙarshe na littafinka, rubuta 112, da sunan asibitin da ya fi kusa da gidanku, da lambar mai abin hawa ɗaya a unguwarku wanda zai ɗaga waya ko da tsakar dare. Ka zo da shi darasi na gaba.