Saka jadawalin gasar sunuka a talabijin

Ku haɗa kwamfuta da talabijin ta wayar HDMI, ku tsara jadawalin a Challonge (shafin intanet na tsara jadawalin gasa) ko Google Sheets. In gasar sili-ɗaya-ƙwale ce, 'yan wasa 16 wasanni 15 za su buga. In 13 suka zo, a bar gurabe 16 ɗin, mutum 3 su tsallake zagayen farko ta ƙuri'a, a gaban kowa.

Ku rubuta lambar teburi gefen kowane wasa, ku ƙara girman rubutu yadda mai tsaye a teburin ƙarshe zai karanta. A kashe barcin allon kwamfuta, in ba haka ba sai ya yi baƙi ana tsaka da wasa. Kada talabijin ya fuskanci fitilar teburi, haske na shafe sunaye. Sannan a riƙa kwafe sakamako a takarda saboda ɗaukewar wuta.